Yankan Wuyan Inna

Haɗeja, daren Laraba, watan Sha'aban

Yau Inna ta taka da ƙafarta har fadama, ta tsinko yakuwa. Kumburin gwiwar da ya gagari ƙahon wanzami ya sace.

Sai yanzu nake dariyar abin da ya faru a asibitin Kano. Tafinta ya ce likita Bature zai yanka ta a wuya, ya cire ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, wai shi ke jawo ciwon gwiwar. Ta damƙe hannuna ta ce, "Ciwo a gwiwa, yanka a wuya? Ni akuya ce?" Ranar kam ban yi dariya ba, amma haka aka yi mata aikin.

Ɗazu na tarar tana salla a tsaye, har da sujada. Da ta sallame, ta shafa tabon wuyanta ta ce, "Daina kallona haka. Akuyar taka ta miƙe."