Ƙanena ne ya sa wa rumbun wuta, wani aka kama

Inna Lalla, don girman Allah ki taimake ni, ban san wanda zan gaya wa maganar ga ba sai ke.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Sabon Maci. Ranar kasuwar Dakoro da ta wuce, gari ya watse, da tsakar rana rumbun maƙwabcinmu Baba Kalla ya kama wuta. Hatsin damina duka ya tafi, har da waken da ya ajiye na iri. Saura kaɗan wutar ta lashi ɗakin da tsohuwarshi take kwance.

Inna, ina tsaye bayan dangarmu ina shanya. Da idona na ga ƙanena Zakiru ya fito daga bayan rumbun da galan a hannu, rigarshi tana warin esansi, wato fetur. Sun daɗe suna rigima da Kalla kan iyakar gona. Ya dube ni, na dube shi, ya wuce. Har yau bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro.

Da jandarmomi suka zo, mutane suka nuna Hamid, wani makiyayi da raƙumanshi suka taɓa shiga gonar Kalla. Yanzu yana tsare a Dakoro. Matarshi ce ke kawo mana nono. Jiya ta zo idonta a kumbure, na kasa ko karɓar ƙwaryar. Ba na iya cin abinci. Ko ƙarar mota na ji sai gabana ya faɗi. Ni na goyi Zakiru bayan rasuwar mahaifiyarmu. Wasu sun ce wanda ya sa wuta kashe shi ake yi. Gaskiya ne? In Kalla ya yafe, za a bar maganar? Ni ma za a kama ni don na yi shiru?

Taku cikin tsoro, wata baiwar Allah.

Ɗiyata, ki natsu ki saurare ni. Doka tana bambanta gobarar ganganci da wutar da aka sa da niyya. Ta biyun babban laifi ce, ɗaurin shekaru ake yi a kanta, kuma hukuncin yana ƙara nauyi in wurin kwanan mutane ne, ya fi tsanani in an rasa rai. A nan Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, don haka ki cire maganar kisa daga ranki. Amma ba zan ruɗe ki ba, Zakiru zai iya shiga gidan kaso. Yafewar Kalla da biyan hatsinshi suna iya sa alƙali ya sassauta, sai dai ba su rufe shari'a, don magana tana hannun mai gabatar da ƙara.

Na san zafin ɗan'uwa. Amma Hamid ma ƙanen wata ne, kuma kowace rana da ya ƙara a tsare, shirunki yana da hannu a ciki.

Kada ki tunkari Zakiru ke kaɗai. Ki gaya wa mijinki da wani dattijon gidanku yau ɗin nan, su zaunar da shi, su raka shi ofishin jandarmomi ya faɗa da bakinshi. Wanda ya kai kanshi ya fi wanda aka kamo samun sassauci. Ku nemi lauya, ko ku tambaya a tirbinal, wato kotu, inda ake taimaka wa marasa ƙarfi. Game da ke, lauyan zai yi miki bayani. Abin da zan hana ki shi ne ƙarya in an tambaye ki, ko ɓoye galan ɗin. In Zakiru ya ƙi, ki je da mijinki ki faɗi abin da kika gani.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya shiryi ƙanenki, ya maida Hamid cikin iyalinshi.

Inna Lalla