Cokali Ɗaya Kowace Safiya

Litinin, 9 ga Satumba

Mirsada, nas ɗin da ke zuwa wanke mini ƙafa, ita ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da na ci. To, na ci miyar wake. Sauran shafin nawa ne.

Ga ni a doguwar kujera bakin taga, ƙafar hagu bisa matashi kamar baƙuwar da ake ji da ita. Takalmin roba ne ya goge mini babban yatsa tun lokacin yankan ciyawa, abin da bai kai ƙwayar masara ba, yanzu ya zama gyambo. Likita a garin Gorazde ya ce ciwon suga ne ya hana shi warkewa. In sugan bai sauka ba yatsan zai tafi, kuma wai ba kasafai yatsa ke tafiya shi kaɗai ba. Na ce masa ai ina da sauran tara. Bai yi dariya ba. Matata Zumra ma ba ta yi ba.

An hana ni taka ƙasa, ga tuffa ta nuna. Ina jin ta tana faɗowa kan kwanon rumfa kamar mai sallama, ba mai amsawa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Kofi ba suga. Wanda ya ƙirƙiro wannan, Allah ya haɗa mu.

Asabar, 14 ga Satumba

Belkisa ta zo daga Sarayebo da ledoji da alƙalami. 'Yata ta fari, wadda ta yi karatun da ni na gudu na bari a aji shida. Wai bincike take a kan tsofaffin irin tuffa, za ta auna abin da ke cikinsu: suga nawa, tsami nawa, da wani sinadari mai bauri da sunansa ya fi ƙarfin bakina. Na ce, "Farfesa, cikin tuffa ai tsutsa ce, ba sai an je jami'a ba." Ta ce, "Babo, ɗaga ƙafarka."

Ta taga na ga tana bin bishiyoyin da mahaifina ya dasa, tana ɗiba tana manna takarda. Ta ɗebi irin da muke kira Paradiya mai zaƙi, ta ɗebi Senabiya mai tsami. Ni da ya kamata in kasance bisa tsani, ina nan ina gadin labule.

Talata, 17 ga Satumba

Mirsada ta soki yatsan hannuna don gwajin suga, ta dubi injinta, ta dube ni. "Kawu Shefik, me kake sata?"

Wallahi ban saci komai ba. Ban taɓa alawa ba, ban taɓa Paradiya ba. Mai tsamin nake ci, kwano guda a yini, don in danne sugan. Sai pekmez cokali ɗaya da safe, babban cokali dai, Zumra ke ba ni da hannunta. Wannan kuwa magani ne. Ruwan tuffa ne zalla da muka dafa a kaskon tagulla har ya yi baƙi ya yi kauri, ba a zuba masa ko ƙwayar suga. Da shi uwata ta yi mana maganin tari da ƙarancin jini. Ban ma faɗa wa Mirsada ba, wa ke lissafa magani cikin abinci.

Asabar, 21 ga Satumba

Maƙwabcina Hamdo ya shigo gaisuwa. Ya daɗe yana kallon takalmana a bakin ƙofa, ya ce, "In an yanke, ka bar mini na hagun, nawa ya huje." Na ce ya jira in mutu ya haɗa da haƙorana. Mun yi dariya har Zumra ta leƙo.

Da ya tafi na ɗan ɗaga bandejin. Bakin wurin ya fara duhu. Na mayar.

Laraba, 25 ga Satumba

Ruwan sama. Bango, taga, ƙafa.

Asabar, 28 ga Satumba

Ba na son rubuta na yau.

Belkisa ta dawo da sakamakonta tana murna, har ta ga kwanon Senabiya a gefena. Ta tambaye ni nawa nake ci. Na faɗa da alfahari. Sai ta zauna. Ta ce a bishiyoyinmu mai tsamin ba ta gaza mai zaƙin suga ba, har ta ɗan ɗara. Tsamin ne kawai ke rufe shi, harshe bai ji. Na ce, "To harshena da na yi shekara sittin ina ci da shi maƙaryaci ne?" Ta ce, "A wannan dai, e."

Ana cikin haka Zumra ta shigo da kwalba da cokali, don yau ta manta da safe. Belkisa ta dubi kwalbar. "Mama, tun yaushe?" Zumra ta ce kullum, ai ba suga a ciki, ita ta dafa. Yarinyar ta fito da wani ɗan bututu mai gilashi daga jakarta, ta ɗiga pekmez ɗin, ta miƙa wa uwarta ta leƙa ta fuskar haske. Ta ce fiye da rabin abin da ke kwalbar nan suga ne. Ba zubawa aka yi ba, na cikin tuffar ne, mu muka ƙone ruwan muka bar shi.

Na so in yi wasa. Na ce ashe kakanta gonar rake ya dasa bai sani ba. Ba wanda ya ji ni. Zumra ta ajiye cokalin a hankali ta fita. Na hango ta a bakin rijiya tana wanke bokitin da ta riga ta wanke.

Lahadi, 29 ga Satumba

Tuffa ɗaya a yini, da ɓawonta, rabi da safe rabi da yamma. Pekmez kuwa ko lasa babu. Belkisa ta kira likitan a waya ya amince. Mutum a gidansa, an yi masa dokar soja.

Na ce injin birni bai san tuffar dutse ba. Ta ce, "Babo, ni ba tuffar nake jin tsoro ba." Ta shiga mota ba ta sha kofinta ba.

Talata, 1 ga Oktoba

Zumra ba ta kallon ƙafar. In ta zo gyara matashi sai ta kau da kai. Na ce mata ai ni na buɗe bakin, ba ɗura ta yi mini ba. Ta ce, "Yi shiru, tsoho." Kwalbar tana bisa kanta inda hannuna zai kai in na miƙe. Ban sani ba ko mantawa ta yi.

Asabar ake dafa pekmez na bana. Tun rasuwar mahaifina ni ke ɗanɗanawa in ce a sauke, a gidanmu da gidajen maƙwabta. Abu ɗaya ke nan da aka taɓa jiran bakina a kansa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Hamdo da surukinsa suka ɗauke ni da kujerata zuwa tsakar gida, kamar amarya mai gemu. Tun hantsi ake matse tuffa, kasko na tafasa, mata na kwashe kumfa, ƙamshin ya cika kwarin har bakin kogin Drina. Cikina ya yi ta ƙugi kamar tarakta.

Da la'asar pekmez ɗin ya yi baƙi. Hamdo ya ɗebo a cokalin katako ya hura ya miƙo mini. "Alƙali, yanke hukunci." Kowa ya juyo gare ni yadda aka saba. Zumra tana riƙe da muciya, idonta a wuta. Belkisa, da na zaci ba za ta zo ba, tana tsaye bayan kujerata.

Na karɓa. Na shinshina. Na ɗiga a kan farcen babban yatsan hannuna, ɗigon ya tsaya bai gangara ba. Na miƙa cokalin baya ta kan kafaɗata. Na ce, "Farfesa, auna mana da baki." Ta lasa, ta ƙona harshe, ta ce ita dai daɗi ta ji. Na ce a ƙara masa kaɗan sannan a sauke. Farcen kuwa na goge a wandon Hamdo.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ba wai na yarda da injin ba ne. Ranar dai ba na jin kwaɗayi.

Mirsada ta ce lambar sugan ta ɗan sauko, gefen gyambon ya soma ja, amma kada in yi rawa tukuna. Da wace ƙafar.

Zumra ta raba Senabiya biyu, ta ba ni rabi ta ci rabi, tana zaune a gefen matashin. Kwalbar ba ta kan kanta, ban tambaya ba. Na ce ta miƙo mini man takalmi da tsumma, hannuna ya gaji da zama. Ta ce wane takalmin za ta kawo, na dama ko na hagu. Na ce duka biyun, kuma in Hamdo ya zo ta ce masa ya kai nasa a liƙe.