Faifan da Ya Tada Na'urar Kawu

Magarya, bayan an gama ɗaurin gero

Zuwa ga Kawuna Jibo, a Tamanrasat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, kafin in ce komai ina roƙon ka yi mini afuwa da na yi karambanin rubuto maka ba tare da ka nema ba. Ko lokacin da kake gida ban iya tsayawa in yi magana da kai ba, sai dai in ajiye maka ruwa in fita da sauri. Ni ce Mansura, 'yar ƙanwarka marigayiya, wadda ka bari a ƙaramar lakwal, wato firamare. Yanzu ina ajin ƙarshe na kolej, bana za mu zana jarrabawar fita, ta burebe, in Allah ya yarda. Malam Sallau direba ne ya ce ya gan ka can, har ya san shagon da kake aiki, ya kuma yarda zai kai maka wannan takarda hannu da hannu. Ina fata za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a abin da kake nema, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau a ƙauyenmu Kwaya, Baba ya samu gero, gyaɗa ce dai ba ta yi auki ba saboda ruwa ya ɗauke da wuri. Gwaggo Rukaiya ta haihu, namiji, an sa masa Ammar. Ni ina nan gidanka tare da Kaka Hinda kamar yadda ka bar mu. Idonta ya ƙara rauni, yanzu da murya take gane mai sallama, kuma gwiwa na damunta in ta daɗe zaune. Amma tana cin abinci, tana kuma faɗa da awaki kamar da. Kurnar da ke bayan ɗakinka ta wuce katanga.

Abin da ya sa na rubuto, maganar kwamfutar da ka bari ce a ɗakinka. Ka tuna ka ɗauki muryar Inna marigayiya a cikinta, da waƙoƙin daka da take yi, da hirarta, da hotunan sunan ƙanena. Ba mu da wani wuri da muryarta take sai nan. Tun bayan tafiyarka, duk Juma'a bayan la'asar nakan shimfiɗa wa Kaka tabarma a bakin ƙofar ɗakin in kunna mata. Sai ta jingina da bango ta rufe ido. Akwai waƙa guda da kullum take cewa in sa mata, wadda Inna ta yi ranar da ake surfen geron biki.

To ana tsakiyar damina, wata Juma'a muna cikin saurare, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da ya dawo na kunna, sai na'urar ta ƙi tashi. Ekran, wato fuskar na'urar, ya yi baƙi ƙirin, da layi ɗaya na farin rubutu yana cewa wani abu da take buƙata ya ɓata. Na kashe na kunna har na gaji. Na ce wa Kaka ta yi haƙuri, na'ura ce ta gaji, za ta huta. Ta ce to. Amma Juma'ar da ta biyo baya na tarar ta jawo tabarmar da kanta ta zauna a wurin, tana jira. Kawu, ban san yadda zan gaya maka abin da na ji a raina ba.

Na sa na'urar a kwali, aka ɗaukar mini zuwa wurin Kyari, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, wanda ya ce ya san ka. Da ya gan ta ya yi ta dariya, wai wannan tsohuwa ta girmi Kaka, ya kamata a yi mata ritaya a saya mata goro. Ya ce gyaranta mai sauƙi ne, forma za a yi mata, ta dawo sabuwa. Na tambaye shi mene ne forma. Ya ce a share duk abin da ke ciki a sake zuba mata tsari daga farko. Ban san lokacin da na ɗora hannuna biyu a kan kwalin ba. Da na faɗa masa abin da ke ciki sai ya daina dariya. Ya ce akwai wata hanya, amma tana son faifan sede na asali da aka zuba tsarin da shi. Da shi ake tada na'ura daga waje, a shiga wani baƙin allo inda babu hoto babu suri, ɗan ɓeran nan da ake dannawa, sai umarni da ake rubutawa da hannu, a gyara abin da ya lalace ba tare da an taɓa kayan mutum ba.

Na koma gida na duba akwatinka, ka gafarce ni. Na samu jakar faifan da rubutun hannunka a kai, amma babu komai a ciki. Kaka ce ta tuna cewa bara Baba ya zo cin kasuwa ya nemi abu mai ƙyalli, ta ce ya duba ɗakinka. Ranar Lahadi na hau babur zuwa Kwaya. Kawu, faifanka na nan a bayan amalanken Baba, an kafe shi da ƙusa tare da wasu biyu, don masu babur su hango shi in magariba ta yi masa a hanya. Kusan duk amalanken garin haka suke yanzu. Rana ta cinye shi, fatar nan mai ƙyalli ta fara ɓarewa, ga karce ko'ina. Baba ya ce shi ya ɗauka faifan fim ne da aka gama kallo, kuma a gaskiya ya yi aiki, don tun da ya kafa shi babu wanda ya ƙara bugun jakinsa. Na yi masa bayani. Ya ɗauko awartaki ya zare ƙusar a hankali, ya goge faifan da bakin rigarsa, ya naɗe mini a hankici kamar wani ƙwai. Na kasa gaya masa cewa faifan ya riga ya mutu. Na kawo shi dai, na'urar ta yi ta gurnani da shi, ba ta karanta komai ba.

Kyari ya ce a da in babu faifan, da disket ake yi, ƙananan faifai na da masu kusurwa huɗu. Amma na'urarka ba ta da bakin disket, kuma ya ce ko Damagaram aka je ba a samun mai sayar da su yanzu, watakila ma har Kano. Na koma lakwal hankalina ba ya kan karatu, har Madam Rukayya, malamarmu ta Faransanci, ta lura ta tsayar da ni bayan darasi. Ita ce ta nemo mini bayani a intanet, muka zauna muka karanta tare, don wasu kalmomin ita ma ba ta taɓa jin su ba. Bayanin ya nuna cewa abin da ake zubawa a disket-disket ɗin nan ana iya sauko da shi, a tattara shi wuri guda ya zama dunƙule ɗaya, a ƙona shi a sabon faifan sede. Shi ke nan faifan zai yi aikin da disket suke yi.

Na yi ta zuwa shagon Kyari bayan an tashi daga lakwal, saboda na'urarsa ce ke iya ƙona faifai. Ya ce shi bai taɓa yin irin wannan ba, in yi da kaina, in na iya sai in koya masa ya riƙa ce mini Madam. Na farko da na yi, na kwafi dunƙulen na sa a faifan kamar yadda ake sa waƙa. Na zo gida da murna, na'urar ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da na sake karantawa na gane ba ajiye shi ake yi a ciki kamar kaya a buhu ba. Akwai wurin da ake zaɓa a ce a ƙona shi a matsayin hoton faifai, sai ya bazu ya zama shi ne faifan kansa. Na sake yi a wani sabo, a hankali. Sannan na koyi cewa dole a danna wani maɓalli da zarar an kunna na'ura, a shiga wani shuɗin allo a gaya mata ta fara duba faifai kafin ta duba cikinta.

Ranar da na gwada, Kaka na tsakar gida tana tsince wake da lalube. Faifan ya juya, rubutu ya yi ta wucewa, na danna R kamar yadda aka ce, sai ga baƙin allon da Kyari ya faɗa. Amma kafin ya bar ni in rubuta komai, sai ya nemi kalmar sirri ta mai na'ura. Nan na tsaya cik, don kai kaɗai ka san ta, ga shi lambarka ta da ba ta shiga. Na daɗe zaune ina kallon ɗan layin nan yana ƙiftawa. Da na rasa abin yi, sai na yi bisimilla na danna maɓallin Antire ban rubuta komai ba. Ta buɗe. Ashe ba ka kulle ta ba, Kawu, kamar yadda ba ka kulle ɗakinka ba ranar da ka tafi.

Na rubuta chkdsk /r, umarnin da ke sa ta binciki cikinta ta gyara wuraren da suka lalace. Lambobi suka yi ta hawa, wani lokaci su koma baya, ni kuwa ina ta addu'a kada kuran ya ɗauke. Da ta gama na rubuta fixboot, ta tambaye ni ko na tabbata, na amsa mata. Na fitar da faifan na sake kunnawa. Sai ga hoton nan da ka sa a fuskarta, na ku biyu kai da Inna a gonar Kwaya. Komai na nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Ban jira Juma'a ba. Na riƙo hannun Kaka na zaunar da ita, na sa mata waƙar surfen. Ka tuna akwai wurin da waƙar ta katse? Akuya ta sa kai a turmi, kai da kake ɗauka ka fashe da dariya, ka kira Inna da sunanta ka ce ta sake daga farko. Da muka zo wurin, Kaka ta ce in maida baya. Na maida farkon waƙar, ta ce ba nan ba, gaba kaɗan. Na sa, ta ce in ƙara. Haka muka yi ta yi, waƙar ba ta kai ƙarshe ba. Duk shekarun nan na ɗauka don Inna take zaɓar wannan waƙa. A cikin duk abin da ka ɗauka, nan ne kaɗai muryarka ta fito.

Ka san kai ne ɗan farinta, ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta kuma tambayar labarinka a gaban mutane. Ko Malam Sallau da ya zo yana ba da labarin ya gan ka, tashi ta yi wai za ta duba awaki, ta tsaya bayan zana inda za ta ji. Ranar nan ma ba ta kama sunan ba. Ta share fuskarta da gefen zane ta ce mini, "Ita na san inda take, ina yi mata addu'a. Mai dariyar nan ne ban san ko ya ci abinci ba."

Kawu, ban rubuto don in tambayi dalilin tafiyarka ko na shirunka ba, wannan ya fi ƙarfina. Na san rasuwar Inna ta taɓa ka, na san kuma aikin da kake yi a nan ya ƙare a shekarar. Kyari ya ce cikin na'urar ya tsufa, wata rana zai tsaya tsayawar da babu faifan da zai tada shi. Don haka na kwashe komai na sa a sababbin faifai. Ɗaya na ba Baba, ya yi rantsuwa ba zai kusanci amalanke da shi ba, ya sa a ƙasan akwatinsa. Ɗaya kuma yana cikin wannan ambulan, naka ne. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In zuwa bai samu ba tukuna, ka ɗauki muryarka a ɗan katin nan na waya ka ba Malam Sallau, ko gaisuwa ce kawai, ko ka faɗi abin da ka ci ranar. Ko kuma ka rubuto lambar da ake samunka. Ba sai ka ce don Kaka ba ne. Ni zan kunna kamar ina aikina, ita kuwa za ta zo ta zauna a bakin ƙofa kamar wucewa take yi.

Baba na gaishe ka ƙwarai, ya ce ka yafe masa faifan. Gwaggo Rukaiya da maigidanta Amadu suna gaisuwa, haka ma Baffa Tamu da mutanen Kwaya gaba ɗaya. Madam Rukayya da Kyari sun ce a gaishe ka. Kaka ba ta ce in gaishe ka ba, amma da ta ji ina neman ambulan ta ba ni ƙullin kuka da daddawa, ta ce in ba direba, wai ko akwai wani a can da yake sha'awar miyar gida. Ka gaishe da mutanen da kuke zaune tare, Allah ya saka musu da alheri.

In akwai kuskure a maganata ka yafe mini, yarinta ce. Ban gaya wa Kaka amsa za ta zo ba, don kada ta fara jira. In ba zai dame ka ba, Kawu, ka yarda in ƙara rubuto maka in Malam Sallau zai sake tahowa?

'Yarka mai yi maka addu'a kullum,
Mansura Wakili