Na Je In Taho da Auta

Litinin, 4 ga Maris

Na iso. Awa tara a mota, bayana kamar an daka shi a turmi. Auta ya tare ni a ƙofar gandun dajin cikin kakinsa. Ya rame, ya yi baƙi. Har yanzu yana ɗingishi, amma da ya ga ina kallon ƙafar sai ya gyara tafiya. Ni zai yi wa wannan? Shekara talatin da ɗaya ina aikin ungozoma a asibiti, daga yadda mutum ya tako ƙofa nake sanin inda ke masa ciwo.

Bari in rubuta don kada in manta: ba kallon namun daji ya kawo ni ba. Bara ɓauna ta tsaga masa cinya, ya yi sati uku a gadon asibiti bai gaya mini ba, sai a bakin abokinsa na ji. Yanzu Yaya ya samo masa aiki a kamfanin da yake, ofis da kujera da fanka, za su riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen wata. Yaya ya ce, "Ke ce uwarsa, je ki taho da shi. In kika yi masa kuka zai biyo ki." Kukan ba zai yi mini wuya ba.

Talata, 5 ga Maris

Ɗaki ɗaya gare shi. Gadon ƙarfe, tebur, kanta cike da littattafan dabbobi da tsuntsaye duk sun sha hannu. Ya bar mini gadon, ya koma ɗakin direbansu.

Da safe na buɗe taga na ga mugun dawa, aladen dajin nan mai haure, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana cin ciyawa, kamar ya zo gaishe ni. Muni dai ba a magana. Kafin in gama kallonsa biri ya shigo ta ɗaya tagar ya ɗauke burodina. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki.

Na sa shi dole ya nuna mini tabon. Wanda ya yi wannan ɗinki ko buhu ba zan ba shi ya ɗinka ba. Amma ya warke sarai.

Ban yi masa maganar ba. Gobe.

Laraba, 6 ga Maris

Ya matsa sai na bi su. Buɗaɗɗiyar mota, direba a gaba, Auta kusa da shi, ni da wasu baƙi biyu, mata da miji, a baya. Tun kafin rana ta fito muka tashi.

Jakunan dawa, barewa ba adadi, jimina ɗaya tana gudu kamar wadda ta manta tukunya a wuta. Dorina a kogi, hanci da kunnuwa kawai. Ban ce komai ba, kada ya ɗauka ya burge ni.

Can sai ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Ni ban ga komai ba sai itatuwa. Ya nuna wani reshe da ya karye, ya ce ɗanye ne, giwaye na kusa. Muka yi zaman minti goma, har mijin nan ya fara duba agogo. Sai ga su. Goma sha ɗaya na ƙirga, suna tsallake hanya a gabanmu, ko motsin ƙafarsu ba ka ji. Babbar ta tsaya ta juyo ta kalle mu. Ban san sanda na damƙi rigar Auta ba.

Ya ce a hankali, "Mama, saki. Ta san motar nan. Dubi kunnuwanta, fifita take yi, ba fushi ba."

Ban san yana da irin wannan muryar ba. Yaron da a gida ko safarsa ba ya iya nemowa.

Alhamis, 7 ga Maris

Zaki bai fito ba. Baƙin sun ji haushi. Ni na gode wa Allah.

Juma'a, 8 ga Maris

Na yi maganar, bayan mun ci abincin rana.

Da ɓaunar na fara. Ya ce ai ba laifinta ba ne, tarkon waya na mafarauta ne ya ci mata ƙafa har ƙashi, shi kuma ya matsa kusa kafin allurar barci ta gama kama ta. Na ce au, kare ta ma kake yi? Raina ya ɓaci, na faɗi abubuwa da yawa. Na ce ubansa ya tafi, yayyensa mata kowa na gidanta, in aka kira ni aka ce in zo in ɗauki gawa, wa zan nuna wa? Na gaya masa aikin da kawunsa ya samo.

Na shirya wa gardama. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, in kin ce in tafi, zan tafi. Ki bari in gama satin nan kawai, ranar Litinin in kai takarda."

Shi ke nan. Na yi nasara ke nan. Ya tashi ya kwashe kwanuka, ina kallonsa ta taga ya wanke faranti ɗaya sau uku.

Asabar, 9 ga Maris

Ya kwashe littattafansa cikin kwali. Yaya ya bugo, murna kamar shi za a ba aikin.

Direba ya same ni a inuwa ya gaishe ni, ya daɗe a tsugune. Ya ce, "Mama, ba shisshigi ba, amma a cikinmu shi kaɗai ke ganin wayar tarko a cikin ciyawa daga kan mota." Na ce Allah zai kawo wani. Ya ce amin, ba da ƙarfi ba.

Kaina ke ciwo. Zafi ne.

Lahadi, 10 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta tun da zafinsa.

Baƙin sun tafi, ya ce in zo mu yi zagayen ƙarshe, mu uku da direba. Wajen ƙarfe takwas muka ga raƙumar dawa ita kaɗai, nesa da 'yan uwanta, kusa da wata ƙaya. Tana takawa, tana tsayawa, tana waiwayen bayanta. Auta ya ce wataƙila rauni ta ji. Na ce, "Rauni ina? Naƙuda take." Suka juyo suna kallona. Da ta juya mana baya sai ga ƙafafu biyu sun leƙo.

Direba ya kashe mota. Na cire agogona na riƙe a hannu, tsohon hali. A tsaye take haihuwa! Na ce ba za ta kwanta ba? Auta ya ce ba sa kwanciya. Kai ya fito, ya tsaya nan yana lilo, na ji ina cewa yunƙura, 'yar nan, yunƙura, saura kaɗan. Sai ɗan ya sulluɓo gaba ɗaya daga wannan tsawon, tim a ƙasa. Ni da ko zanin jariri ban yarda ya taɓa ƙasa ba.

Bai motsa ba.

Sai direba ya nuna da baki. Kuraye biyu a cikin ciyawa, suna zaune kamar masu jiran layi.

Na ce Auta sauka, ko ku danna ham, ku yi wani abu mana! Ya riƙe hannuna ya ce, "In muka yi motsi uwar ce za ta firgita ta gudu, ta bar musu shi. Mama, ba ma sa hannu. Namu mu tsaya." Na so in mare shi. Sai na ga leɓensa na motsi, addu'a yake.

Uwar ta sunkuyo da dogon wuyan nan tana lasa, tana tunkuɗa shi da hanci. Minti ɗaya da rabi a agogona. Sai kunne ya motsa. Ya yi atishawa. Wallahi atishawa, irin wadda na sani.

Sau huɗu yana yunƙurin tashi yana kifewa, ƙafafun sun yi masa yawa. Kura ɗaya ta matso, uwar ta kai mata shuri da ƙafar gaba, da ya same ta da sai dai labari. Suka ja baya. A minti na arba'in da bakwai ya miƙe, yana tangaɗi, ya lalubi nono ya kama. Ya fi Auta tsawo, jaririn da aka haifa yanzu.

Na yi kuka sosai, ba irin wanda Yaya ya aiko ni in yi ba. Direba ma ya juya fuska yana goge gilashin da ba shi da datti.

A hanyar dawowa Auta ya ce shekararsa shida a nan bai taɓa gani ba sai yau. Ya ce yaya aka yi na gane? Na ce mai naƙuda duk inda take idonta ɗaya ne. Sai ya ce, "Haka kike ji kullum a ɗakin haihuwa?" Na ce kullum. Ya ce, "Shi ya sa da kika kwanta ciwo Baba ya ce ki bar aikin kika ƙi." Ba da gatse ya faɗa ba. Ko kallona bai yi ba, hanya yake kallo. Yana ɗan shekara tara lokacin, ban san ya ji mu ba.

Litinin, 11 ga Maris

Ya tafi wanka, na mayar da littattafan kan kanta. Kwalin ya yi danshi, za su lalace, dalilin ke nan.

Ya shigo ya tsaya yana kallon kantar, takardar ajiye aiki na kan tebur. Na ce, "Ko ƙaya ce ta soke ka, ni zan fara ji. Ka ji ko ba ka ji ba?" Ya ce ya ji. Ya durƙusa ya ɗora kansa a gwiwata, ƙaton banza. Na ce tashi ka makara.

Alhamis, 14 ga Maris

Gida. Yaya ya zo ya yi ta faɗa, ya ce kwana goma na yi ina me? Na ce yaron taurin kai gare shi, na yi iyakar ƙoƙarina. Allah ya yafe mini.

Asabar, 23 ga Maris

Na bugo wa Auta don in ji ko yana cin abinci. Yana ci. Jaririn raƙumar nan ashe mace ce, ya ce har ta fara guje-guje tana tsokanar jakunan dawa. Ni ban tambaya ba. To, na tambaya, amma a ƙarshe.

Na shiga kasuwa sayen zare, na fito da takalmi mai igiya, mai kaurin ƙasa, irin na masu tafiya a jeji. Mai shagon ya ce, "Mama, na wa ne?" Na ce na wata ce, ƙafarmu ɗaya.