Inda Kaka Ida Ta Ɗaga Hannu

Hobart, 3 ga Maris, 1994

Ƙanwata Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Des. Yaya yatsun?

Takardun da kika tsinta cikin kujerar piyano sun iso. Babu shakka rubutun hannun Kaka Ida ne, kiɗan rawar nan nata da aka buga a Adelaide a 1922. Ƙungiyar tarihi ta yarda ta sake buga shi, ni zan shirya, ƙarshen Afrilu a kai maɗaba'a.

Abu ɗaya ya tsaya mini. A gaɓa ta goma sha bakwai akwai baka, layin nan mai lanƙwasa da ke cewa a haɗe sautuka kada a ɗaga hannu. A bugun 1922 ya rufe sautuka takwas cif. A rubutun Kaka kuwa ya taso daga na farko, ya ƙare a fili, gaba da na huɗu kaɗan. A ganina tawada ce ta ƙare mata. Takwas zan bi.

An ce kin ƙi kaɗa shi ranar sake buɗe zauren gari. Me ya sa?

Yayanki,
Clement

Moonta, 11 ga Maris

Yaya Clem,

Gaisuwa, da ban gajiyar rubuta wa ƙanwarka wasiƙa sai ka ce lauya. Des na gaishe ka, yana can bakin teku kifi na yi masa dariya.

Tawada ta ƙare? Matar da Mama ta ce ko ganyen shayi bai taɓa ƙarewa a gidanta ba? Haba. Huɗu take nufi, mai ɗab'i ne ya ja mata layi don ya yi kyau a ido. Da ma ba ta rasu muna ƙanana ba, da mun ji daga hannunta.

Tunda ka tambaya: shekara shida ke nan ban kaɗa a gaban jama'a ba. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa mini yatsu biyu, ba zan iya haɗe takwas ɗin nan ba sai na ɗaga hannu. Ba zan je in kunyata Kaka a garinta ba. Za ka ce shi ya sa idona ke ganin huɗu. To, wataƙila.

Kai da rabonka da gida shekara goma sha ɗaya, wa ke kai maka labarinmu?

Taka,
Merle

Hobart, 24 ga Maris

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu. Ban san abin ya kai haka ba.

Kwana uku na yi da gilashin ƙara girma. Baka talatin da ɗaya ne a rubutun, tara sun wuce inda ya kamata, shida ba su kai ba. Kakarmu gwana ce a kiɗa, amma alƙalaminta ba shi da linzami. Na so ƙwarai in ce kin yi daidai, sai dai ba zan buga abin da ba ni da hujjarsa ba, ko don ke.

Ki huta lafiya.
Clement

Moonta, 9 ga Afrilu

Yaya Clem,

Gaisuwa a gurguje. Ajiye gilashin nan ka zauna, kada ka faɗi.

Ka tuna Gwaggo Olive Penhale, ƙawar Mama? Tana nan da ranta, shekara casa'in da ɗaya, a gidan tsofaffi na Kadina. Ranar Laraba na kai mata kek da hantsi. Akwai wani tsohon piyano a ɗakin cin abincinsu, sai na ce bari in gwada, ai rabin mutanen ba sa ji.

Na daure na ja takwas ɗinka kamar yadda zan iya. Sai na ji sanda ta bugi ƙasa.

"Ke 'yar nan, so kike ki kayar da mu?"

Na ce, "Gwaggo, haka aka buga shi."

"To wanda ya buga bai taɓa rawa ba. Sake!"

Zuciyata fari ƙal, na sake, na ɗaga hannu bayan na huɗu, ina jiran yabo.

"Kin yi gaggawa. Waye ya koya miki, ɗan tsere?"

Yaya, biyar ne, in ji ta. Ni da kai duk mun sha ƙasa.

Na tambaye ta ina aka taɓa yanke kiɗan rawa a na biyar. Ta dube ni kamar na tambayi sunana. Ta ce, "Don kakanku Jabez mana." Ka san dutse ya danne masa ƙafa a ramin haƙar tagulla. Abin da ba mu sani ba, kafin nan babu mai taka rawa kamarsa a Moonta. Bayan ya warke sai ya daina zuwa zaure, wai ba zai ja ƙafa mata suna kallo ba. Shi ne Kaka ta zauna ta yi masa wannan kiɗa. Daidai inda ake juyawa ta ɗaga hannu, ta ba shi ɗan numfashin da zai jawo ƙafar. Gwaggo ta ce ran farko sai da Kaka ta kaɗa shi sau uku kafin ya miƙe. Daga nan duk gari suka koyi rawar da ɗan tsaikon nan, har babu mai gane wane ne gurgu a fili.

Na kaɗa da biyar. Hannuna ya sami hutu daidai inda yake nema. Gwaggo ta miƙa wa mai jinya sandarta, ta kama wani tsoho da ake kira Wilf, suka juya sau biyu, tana yi masa faɗa wai yana taka ta. Ina kuka ina dariya, ban kuskure ko ɗaya ba.

Na gaya wa kwamitin buɗe zauren gari zan kaɗa, Asabar 14 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana. Hujja kake so? Tana Kadina, amma ta ce ba ta ba da shaida ta wasiƙa.

Taka har kullum,
Merle

Hobart, 15 ga Afrilu

Merle,

Gaisuwa. Na sake dubawa. Wutsiyar bakan ta karkata zuwa na biyar. Sau ɗari na kalle ta ban gani ba.

Na gyara. A ƙasan shafin, inda ake kawo hujja, na rubuta: "Daga bakin Olive Penhale, wadda ta taka shi."

Zan iso ranar Alhamis, 12 ga Mayu, Des ya tare ni a tashar bas. Ki gaya wa Gwaggo ta sallami Wilf, rawar farko tawa ce. Ki kuma gargaɗe ta, ban taɓa rawa ba a rayuwata. Ki ɗaga hannun da kyau.

Naki,
Clem