Huji a Filawud

Litinin, 5 ga Yuni

'Yata Narelle ta zo daga garin Mildura da kujerar roba mai bokiti a ƙarƙashi. Ruwan toka, irin ta asibiti. Wai tunda na faɗi a hanyar masai, ba zan ƙara taka tsakar gida cikin sanyin asuba ba. Ko in yi amfani da kujerar a ɗaki, ko ta kai ni gidan tsofaffi kafin ƙarshen wata.

Na ce ta mayar da abarta mota. "Baba, wannan taurin kai ne zai kashe ka." Na ce to shi ya riƙe ni har yau. Idan dole sai na zauna a kan bokiti, zan zauna a kan abin da hannuna ya yi. Ta ba ni zuwa Asabar ta sama.

Talata, 6 ga Yuni

Akwai fallayen katakon filawud mai kauri a rumfar aiki, ragowar kabad ɗin da na yi wa marigayiya matata Beryl. Akwatin da zai rufe bokitin ba wuya. Hujin ne aikin: babba, zagayayye, bakinsa sumul. Fatar tsoho ba ta son sartse.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na ɗora faranti na zana, na bi layin da zarton lantarki. Abin kunya. Fatar katakon ta sama duk ta tsattsage, hujin kuma ya fito kamar dankali. Zarton ne, haƙoransa sun tsufa.

Hannuna ma ya ɗan yi rawa. Sanyi ne.

Juma'a, 9 ga Yuni

Shayi da burodi. Ban fita ba. Ciwon ƙugu.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na tuna yadda aka koya mana a makaranta. A tsaga layin da wuƙa mai kaifi tukuna, don kada fatar ta yage. A ɗaure injin gurza katako a kan siririn falanki, a kafa ƙusa a tsakiya, injin ya riƙa zagayawa kamar kamfas. Kaɗan-kaɗan ake ci, ba a nutsa bakin gaba ɗaya.

Merv Tonkin, maƙwabcina, ya leƙo ta kan shinge da ya ji ƙara. Tsohon mai sausayar tumaki, bakinsa ba ya hutawa.

"Clarrie, makara kake haɗawa ne? Ka bar mini wuri."

Na ce karagar mulki nake yi, kuma ba a gayyace shi ba.

Laraba, 14 ga Yuni

Saura kaɗan. Zagaye na farko da na biyu sun fita tsaf, har na ji daɗin da na manta da irinsa. A na ƙarshe sai faifan tsakiya ya rabu da jikin katakon, shi da ƙusar, injin ya zame ya ci baki ya yi gefe. Na manta ban kafe faifan a kan wani katako a ƙarƙashi ba. Yaro ɗan aji ɗaya ya san wannan.

Injin ya fizge mini wuyan hannu. Na daɗe a zaune a kan buhun abincin kaji kafin in iya miƙewa. Ba wanda ya gani, kuma ba wanda zai ji.

Falle ɗaya ya rage.

Alhamis, 15 ga Yuni

Narelle ta bugo. "Baba, muryarka wata iri." Na ce ina cin abinci ne. Ta ce akwai ɗaki mai kallon kogi a gidan tsofaffin can. Su ba wa kifi ɗakin.

Juma'a, 16 ga Yuni

Na kafe komai da ƙusa, na tsaga layi. Na ɗauki injin, hannun ya ƙi. Ina nan tsaye sai ga Merv a bakin rumfa, wai ya zo aron guduma. Mutumin da ke da guduma fiye da haƙora.

Ya dubi falle biyun da suka lalace, bai yi dariya ba. Na fi jin haushin wannan.

"Matsa can, dattijo. Kai ka nuna, ni in tura."

"Ka yi sauri ka ƙona mini katako, in ƙona maka shinge."

"Ai tumaki ma ban taɓa yanka wa fata ba."

Ƙarya yake. Amma a hankali ya tura, ni kuma tafina yana kan ƙusar. Faifan bai motsa ba. Na bi bakin da samfefa, na shafa da bayan hannu. Babu sartse ko ɗaya.

Ni na yanka. Shi dai ya tura.

Asabar, 17 ga Yuni

Narelle ta zagaya akwatin, ta jijjiga, ta shafa bakin hujin. Har ta zauna a kai da wandonta, don gwaji. "Ba laifi, Baba." Sai ga sabon sharaɗi: wani ya riƙa leƙa ni kowace safiya. Na ce ni ba kaza ba ce da za a riƙa duba ko na yi ƙwai. Ta tafi ba mu gama ba. Amma ba ta ƙara ambaton gidan can ba.

Litinin, 19 ga Yuni

Na ba Merv makullin ƙofar baya. Saboda kayan aikin da ke rumfa ne, kada ya riƙa tashina yana neman aro.

Makullin ba ya buɗe rumfar, gidan kawai yake buɗewa. Merv ya sa shi a aljihu.