Guntun Silifa a Kan Kwano

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024
Yau Kawu Tijjani ya kai mu ganin gida a Unguwar Dosa, ni da Umma. Tun rasuwar Baba muke ɗaki ɗaya a Rafin Guza, in an yi ruwa sai mu jera robobi. Yanzu an sayar da gonarsa ta Zariya, Umma ta ce gida za mu saya. Wannan gidan ɗaki uku ne, da rijiya da bishiyar gwaiba. Akwai ƙaramin ɗaki mai taga gabas. Har na zaɓi inda zan sa teburin karatu.

Sagir dillali sai zuba yake: "Hajiya, dubi silin, fari fat kamar ƙwai!" Umma ta ce ita ba Hajiya ba ce tukuna. Ya ce gidan nan zai kai ta.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Jiya a gindin indararo na tsinci wani abu. Guntun silifa shuɗi, an yanka shi kusurwa uku, da huda a tsakiya. Baba haka yake yi in yana rufi: ya yanka tsohon silifa ya sa a ƙarƙashin kan ƙusa, don kada ruwa ya bi ramin. Sauran kafintoci murabba'i suke yankawa. Shi kusurwa uku, wai ya fi auki.

Ina ƙarama na yi shuɗin silifa. Ban ce nawa ba ne.

Laraba, 24 ga Afrilu
Mun koma. Na daure na tambayi mai gidan, Hajiya Ladi, wa ya yi mata rufi. Ta ce, "Wani Malam Yusha'u kafinta ne, dogo, ba ya son surutu. Ko shayi ba ya sha sai ya sauko."

Sunan Baba ke nan. Umma ta juya tana kallon gwaibar, ta daɗe.

Ya Allah, ka ba mu gidan nan.

Asabar, 27 ga Afrilu
Da ma ban shiga siton gidan ba. Can ne kawai babu silin, ana ganin cikin rufin. Na haska da wayar Umma don in ga aikin Baba. Ga manyan raftoci da ke ɗauke da nauyin duka, ga ƙananan katakai a gicciye waɗanda ake kafa kwano a kansu, ga dogon katakon ƙoƙuwa inda ɓangarori biyu suke haɗuwa. Duk shi ya koya mini sunayensu da tsinken tsintsiya a ƙasa. Har baƙin man da ya shafa musu yana nan, ya koɗe.

Sai na ga hanyar gara, jar ƙasa ta hau bango ta shige rafta. Na danna da muciya. Ya lotsa kamar burodi.

Farin silin ɗin falo kuma sabon fenti ne. Baba yakan ce gidan da aka yi wa fenti da rani, a jira shi ruwan farko.

Ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 30 ga Afrilu
Umma ta gaya wa Kawu sharaɗinta ɗaya ne: ba ta da ƙarfin sayen gida kuma ta sake rufi. In na yi magana, shi ke nan, gidan ya tafi. Kuma za a ce aikin Baba ne ya lalace.

A aji ƙawata Samira ta ce na zama kurma. Malamin Fiziks ya kira ni sau biyu ban ji ba.

Alhamis, 2 ga Mayu
Asabar za a biya.

Juma'a, 3 ga Mayu
Bayan la'asar aka yi iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon shagon mai wanki a layinmu. Muna jera robobi Umma ta yi dariya ta ce, "Saura kwana kaɗan mu huta, Fiddausi. Rufin babanki ba ya yoyo." Gadonta a sabon gidan zai kasance daidai ƙarƙashin rufin nan.

Na faɗa mata. Ban iya kallon fuskarta ba, robar hannuna na kalla. Ta ce, "Ke kika hau kika gani?" Na ce muciya ce ta hau. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki waya ta kira Kawu.

Asabar, 4 ga Mayu
Kawu ya hau tsani ya leƙa, ya sauko kansa duk jar ƙasa. Sagir ya ce ai gara ko a gidan gwamna akwai ta. Kawu ya ce to gwamna ya saya.

A mota Kawu ya ce mini, "Aikin babanki ba shi da laifi. Da wani ne ya yi, da tuni ya rufto." Na kalli waje har muka iso Kawo.

Ba a biya ba.

Laraba, 15 ga Mayu
Hajiya Ladi ta aiko. Ta ce ba ta san da garar ba, Sagir ne ya kawo mai fenti. Ta rage kuɗin yadda za a iya sabon rufi, ta ce 'ya'yan Malam Yusha'u sun fi cancanta. Umma ta yi kuka.

Ke nan za mu samu gidan, amma za a cire rufin Baba.

Asabar, 1 ga Yuni
An yaye rufin. Ban je ba.

Lahadi, 23 ga Yuni
Mun tare. Sabon kwanon ja ne, ƙusoshinsa da robarsu suke zuwa, babu mai yanka silifa. Nawa guntun yana cikin gwangwanin kayan lissafi, kusa da kamfas.

Da azahar ruwa ya sauko. Na tashi da gudu zan ɗauko robobi, Umma ta ce, "Ina za ki?" Na koma ɗakina na kwanta ina saurare. Ƙararsa ba irin ta kwanon Baba ba ce, ta fi kauri. Na yi niyyar in ƙi ta.

Sai kiran la'asar ne ya tashe ni.